Ranar da Na Ƙi Kotun da Na Kai Ƙara

Ko zan manta da komai na shekarun da muka fara noman rani da ruwan madatsar Goronyo, ba zan manta da shari'ata da taubashina ba. Ɗan gwaggona ne, gonarsa tana sama da tawa a fadamar Wurno, kuma tun muna yara bakinmu bai taɓa zuwa ɗaya ba. In ya ce shayi ya yi zaƙi, sai na ce an manta da sukari. Wasan taubasai ne, kowa ya san mu da shi.

A shekarar ya ƙara fili ya shuka alkama, sai ya toshe ƴar magudanar da ke kawo mini ruwa, ya juya ta gonarsa. Albasata kuwa ta fara yin kai, lokacin da ba ta jure ƙishirwa. Da na yi masa magana ya ce, "Ta sha raɓa mana!" Dattawa ma dariya suka yi, wai wasa ne. Raina ya ɓaci, na kai ƙara kotun majistare, don an ce mini can ba a jan magana. Ranar zama ma shi ya goya ni a babur ɗinsa, don ni ba ni da shi.

Majistare ya duba takarda ya ce tun da mu ƴan'uwa ne kuma Musulmi, muna iya tafiya gaban alƙali, amma in mun amince mu biyu zai saurare mu nan. Ya fara tambayar taubashina. Mutumin nan ya washe baki ya ce, "Ranka shi daɗe, na yarda," har da kashe mini ido. Me ya sa ya yarda da sauri haka? Kafin hankalina ya iso, bakina ya riga ya tafi.

"In shi ya yarda, ni ban yarda ba!"

"Malam, ba kai ka kawo ƙarar ba?" in ji majistare.

"Ni na, ranka shi daɗe."

"To me kake so?"

"Abin da wanga mutum bai so."

Har ɗan sandan bakin ƙofa sai da ya juya baya yana dariya. Majistare ya ɗage zama mako biyu, don yana da zama a Rabah, ya kuma ce kada wanda ya taɓa magudanar kafin a yi hukunci. Sai da muka fito na gane a toshe na bar ta da bakina.

Mako biyun nan da bokiti na yi ta ban ruwa, har kafaɗata ta kumbura. Zama na biyu, ba a gama tambaya ba na ce na yarda. Taubashina ya gyara hula ya ce, "Wancan karo na yarda ya ƙiya. Yau ni ma a bar ni in ɗanɗana, ban yarda ba." Aka sake ɗagewa.

A hanyar komawa ya yi ta tsokanata, ban tanka ba. Bai taɓa jin shiruna ba, sai ya karkata babur zuwa gonata. Ganyen albasa duk ya kwanta ya yi fari.

"Taubashi, ashe haka ta yi? Mi ya hana ka hwaɗa min?"

"Na hwaɗi, ka ce ta sha raɓa."

Ya ɗauko fartanya zai buɗe ruwan, na riƙe shi, don kotu ta hana.

Zama na uku tare muka ce mun yarda. Majistare ya biyo mu gona, ya duba, nan take ya ce ruwan haƙƙina ne. Taubashina da kansa ya fasa toshiyar. Ruwa ya kwararo a kan busasshiyar albasa, mutane suna ta ce mini barka da nasara. Ina amsawa, hawaye na zubo mini, don guminmu na shekara ne ni da iyalina ya tafi.

Tun daga ranar, in aka tambaye ni ko na yarda da abu, abin nake dubawa, ba wanda ya riga ni yarda ba.