Ranar da Mai Turare Ya Yi Kara

Tun yana saurayi Mai Turare yake zaune a ɗan shagonsa na bakin tasha, kuma duk jarinsa hanci ne. Ya buɗe kwalba, ya ɗan karkata kai, ya gaya maka ko an yi mata haɗi. Matarsa takan ce zama da shi sai mai haƙuri, don tun daga bakin ƙofa yake sanar da ita tukunya ta kama.

Da ciwon daji ya kama shi a hanji aka ba shi gado a asibiti, komai nasa ya kwanta ban da hancin. Ruwan maganin da ake ɗaura masa ya kwashe gashin kai da na gira, ya zabge masa nama, amma ƙarin dajin da ke cikinsa ya motse, ya ƙanƙance. Likita ya ce yanzu zai ciru, ya sa ranar tiyata.

Sai ga korona. Aka hana 'yan dubiya shiga. Ma'aikata suka sa takunkumi, suka koma kamar inji ɗaya ya buga su. Duk ɗakin aka daina gane kowa, sai shi kaɗai ke gane su da hanci.

"Sista babba ce," in ji shi, ido a rufe. "Man zafi, gwiwar hagu."

"Ta dama ce, Baba."

"To, an samu ci gaba."

A gadon kusa da shi akwai Direba, tsohon matuƙin babbar mota, mai ciwon dajin jini da cikin da ba ya riƙe sirri. Duk sa'ad da ya saki iska, sai Mai Turare ya yanke mata daraja.

"Direba, wannan ko kyauta ba na karɓa."

"Wa ya ce maka ta sayarwa ce?"

Wata safiya Sista ta tsaya tsakiyar ɗakin ta yi musu bayani. Maganin daji, in ji ta, yana karya garkuwar jiki. Cutar da za ta sa ƙato mura kawai, a nan tana iya kai mutum ƙasa. Duk wanda ya ji zazzaɓi ko tari, ko ya daina jin ƙamshi, ya faɗa. Wanda aka same shi da ita za a killace shi, a ɗaga aikinsa.

Cikin duk bayanin, "a ɗaga" kaɗai Mai Turare ya riƙe.

Ana saura 'yan kwanaki tiyata, ya farka ya ji ɗakin ba ya warin komai. Ya shinshina sabulu, kamar dutse. Ya jawo 'yar kwalbar da yake ɓoyewa ƙarƙashin filo, kamar ruwan famfo. Ya mayar da ita, ya ja bargo. A ransa ya yanke cewa a fara cire ƙarin tukuna, korona ta bi layi kamar kowa.

Ya koma gane ma'aikata da takalmansu. Matarsa ta kira shi a waya.

"Baban yara, yaya na ji muryarka haka?"

"Wayar ce."

Direba ne ya tona.

"Sista, a duba min maƙwabcina."

"Me ya same shi?"

"Tun asuba nake aiki, bai ce uffan ba. Ta ƙarshen ma ni kaina sai da na toshe hanci."

"Kara nake yi maka," in ji Mai Turare.

"Kai? Kara? Sista, ɗauko tsinken nan naku."

Aka zura musu tsinke a hanci su duka. Sakamako ya dawo: su biyu ne suka kamu, shi da Direba. Aka gangara da su ɗakin killacewa, gado kusa da gado, kowa da robar iska a fuska. Mai Turare ya sha zazzaɓi da tari, ya tashi. Direba, wanda jininsa ba shi da sauran abin faɗa da cuta, ya yi ta tsokana ta cikin roba har numfashi ya daina isar magana. Bai fito ba.

Mai Turare ya tambayi Sista wa ya shafa wa wani. Ta ce ba wanda ya sani. Washegari ya sake tambaya. Ta ba shi amsar jiya.

Shi kuwa ƙarin, ba wanda ya gaya masa an ɗaga. Da aka sake ɗaukar hoto, ya mayar da abin da ya motse har da riba. Likita ya ce sai an koma ruwan magani daga farko, a ga abin da hali zai yi.

Yana nan a gadonsa na da, an kwantar da wani a na Direba. Yanzu ko kunne ne ya yi masa ƙaiƙayi sai ya kai rahoto.

"Sista, ina jin kamar atishawa na tafe."

"Ta zo?"

"Tukuna."

"To, in ta iso ka kira ni, Baba."

"A'a, ki tsaya dai. Kuma a matsar da gadon bawan Allahn nan."