Obadiah da Kwamandan da Ya Ƙi Mutuwa

Obadiah direba ne a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, mutumin Zonkwa, dogo, mai yawan shiru in ba maganar fim aka taɓo ba. Shekarar da aka ɗauke kujerar mulki daga Legas aka kawo ta Abuja, shi ma aka kwaso shi tare da kabad-kabad da kujerun ofis. Ya iso da matarsa Christina, da jaririyarsu Serah, da kwali guda cike da kaset ɗin bidiyo. Bai samu gida a cikin gari ba, sai ɗaki da falo a Jikwoyi, lokacin gonaki sun fi gidaje yawa a can.

Kaset ɗin nan duk na fim ɗaya ne, wani fim na Turawa mai kashi-kashi, na yaƙin jiragen sararin samaniya. Wata rana yana jiran ogansa a Wuse ya leƙa shagon wani Bazazzage mai ba da hayar kaset, Sadisu, hira ta haɗa su. Sadisu yana da ɗan ɗaki a bayan shago da benci-benci da talabijin. Daga nan duk Asabar bayan azahar Obadiah yakan hau bas ya zo, a sa fim, shi kuma ya zauna gefen talabijin yana fassara wa 'yan kasuwa da masu gadi da makanikai abin da ake faɗa. Su ne suka sa wa fim ɗin suna Yaƙin Bayan Wata. Jarumin kuwa, wani tsoho mai furfura da ƙafar ƙarfe, suka kira shi Kwamanda Gurgu.

A kashi na uku Kwamanda ya mutu. Ya kwashe sojojinsa ya zuba su a ƙananan jirage, ya tuƙa babban jirgin shi kaɗai ya afka da shi cikin ƙofar maƙiya, komai ya tashi da wuta. In an zo wurin nan Obadiah yakan sassauta murya, har masu cin gyaɗa su daina taunawa. Mutane sun ɗauka gwaninta ce kawai. Sadisu ne ya san dalili. Yayan Obadiah, Leonard, soja ne, ya tafi yaƙin Laberiya bai dawo ba, ba a kuma kawo gawarsa ba. Mahaifiyarsu ta daɗe tana share ɗakinsa tana cewa yana nan tafe. Da ƙyar Obadiah ya shawo kanta ta yarda aka yi addu'ar mamaci a coci. A wurinsa mutuwar Kwamanda hujja ce cewa mutum yana iya tafiya babu kabari, kuma tafiyar ta zama cikakkiya, a yi masa kuka, a bar shi ya huta.

Aka yi shekaru ana wannan zama. Kashi na huɗu ya zo babu Kwamanda, kowa ya haƙura. Sai ga kashi na biyar. Wanda ya kawo shi Musaddiq ne, Bakano mai sayar da rediyo da talabijin a layin, wanda ke fita ƙasar waje saro kaya. Ba kaset kaɗai ya kawo ba, har da wani ƙaton littafi mai ƙyalli da masu fim ɗin suka buga. A ciki akwai hoton kowane jirgi, da gudunsa, da bindigoginsa, da bayanin kowane yaƙi, da wanda zai iya kayar da wane.

Ɗakin ya cika ranar, har da masu leƙe ta taga. Fim ya yi nisa, sojoji sun shiga uku, sai wata ƙofa ta buɗe, hayaƙi ya turnuƙe, Kwamanda ya fito yana takawa da ƙafafu biyu lafiyayyu, furfurar ma babu. Ɗaki ya ɗauki tafi. Kwamanda ya fara yi wa sojojin magana, Obadiah kuwa ya naɗe hannu.

"Oga Direba, me ya ce?" in ji Sadisu.

"Ban sani ba. Ba na jin yaren gawa."

Aka yi dariya, an ɗauka wasa ne. Da aka ga ya naɗe hannu, Sadisu ya tsayar da kaset, gardama ta ɓarke. Musaddiq ya buɗe littafinsa ya nuna hoton cikin babban jirgin. Ya ce ga wani ɗan akwati nan a ƙarƙashin kujerar direba, shi ya cilla Kwamanda waje kafin wuta ta tashi, wasu halittu suka tsince shi suka yi masa sabon jiki. Obadiah ya ce ya kalli kashi na uku fiye da yadda ya kalli fuskar matarsa, babu wani akwati a ƙarƙashin kujerar nan. Ya karɓi littafin ya duba shekarar da aka buga shi, ya ga bara ce. Ya ce wato ɓarawo ne ya yi sata, ya koma gida ya rubuta takardar shaida, su kuma suna karanta ta suna gyaɗa kai.

Sadisu ya so ya mayar da abin raha. Ya ce ai bai kamata tashi daga matattu ya dami Oga Direba ba, tun da kowace Ista cocinsu bikinsa take yi.

"Malam Sadisu, wancan ba don a sayar da kaset aka yi shi ba."

Sadisu ya ce gaskiya ne, ya ba shi haƙuri. Da a nan aka tsaya, da maganar ta mutu. Amma Musaddiq, wanda bai san labarin Leonard ba, ya ɗaga littafin ya ce ƙa'ida ce sananniya, kowa ya riƙe ta: in dai ba ka ga gawa da idonka ba, to ba a mutu ba. Ya ce mai hankali ba ya ɓata hawayensa a kan mutumin da ba a binne ba.

Obadiah ya dube shi ya daɗe. Ya ɗauki hularsa ya fita. A cikin bas har Jikwoyi yana jin wani ɗaci a bakinsa, yana tofar da yawu ta taga.

Christina ta ce masa abin kunya ne magidanci ya ƙi cin tuwo saboda Baturen da bai san da zamansa ba. Ya ce ba Baturen ne ya dame shi ba, tafin ne. Mutanen nan da idonsu ya yi ja ranar da Kwamanda ya mutu, su ne suka tafa, ko ɗaya bai ji an yi masa wayo ba.

Bayan 'yan makonni Sadisu ya biyo shi har ofis, ya ce kallo ya lalace, wanda ya maye gurbinsa ƙarya yake zubawa. Obadiah ya koma, amma da sharaɗi: ba zai kira wannan mai ƙafa biyun Kwamanda ba. Duk inda ya fito a fim, sai ya ce, "Ga Jabu nan ya shigo." Sunan ya kama. Ɗakin ya rabu biyu, 'yan Jabu da 'yan Marigayi. 'Yan Jabu sun fi yawa, littafin kuma yana hannunsu. Kallo ya koma musu. A tsayar da fim ana tsakiyar yaƙi, a buɗe shafi, a ce wannan jirgi ba zai iya harbo wancan ba, don littafi ya ce bindigarsa ba ta kai nan. Wasu makanikai biyu daga Apo suka ci kwalar juna a kan ko tsohon Kwamanda zai iya doke sabon, har aka fasa gilashin kantar Sadisu. Obadiah yana zaune yana kallonsu kamar mai kallon ƙudaje a kan miki. Babu wanda ya ƙara tambayarsa me aka ce a fim. Tambaya ɗaya ce, wa ya fi wa.

Abin da ya ƙarasa shi ya zo da sabon bugun littafin. Musaddiq ya kawo shi yana murna. A ciki an canza labarin akwatin. Yanzu an ce ba a cilla Kwamanda waje ba, tun farko ma ba shi ne a cikin jirgin ba, wani mutum-mutumi ne mai kamarsa. Wato tsohon da ya kwashe sojojinsa ya ba da ransa, ashe yana wani wuri a ɓoye. Obadiah ya jira ya ji wani ya ce an raina musu hankali. Sai ya ji Musaddiq yana cewa wannan bayanin ya ma fi na da ma'ana, sauran suna amsawa.

Ranar Obadiah ya tattara kaset ɗinsa da ke shagon Sadisu ya mayar cikin kwali. Sadisu ya raka shi har tasha yana roƙo. Obadiah ya ce masa ba fushi yake da shi ba, ƙyama ce, ita kuma ba a ba ta haƙuri.

Zumuncinsu bai yanke ba. Naman Sallah yana zuwa Jikwoyi, shinkafar Kirsimeti tana zuwa Wuse, har zamanin kaset ya wuce, Sadisu ya koma sayar da wayar hannu. Obadiah ya yi ritaya ya haƙa kududdufi a bayan gida yana kiwon tarwaɗa. Mahaifiyarsa ta rasu, ya je Zonkwa ya binne ta da hannunsa.

Serah ta girma ta yi aure, tana aikin jinya a wani asibiti, kuma ita da mijinta suna bin fim ɗin a waya. Wata Lahadi da rana suna cin abinci a gidan Obadiah, mijin ya ce an fitar da sabon kashi, Kwamanda ya sake mutuwa, mutuwa mai ban tausayi ƙwarai, ya kamata Baba ya gani. Serah ta ce kada ya damu, an riga an sanar zai fito a kashi na gaba. Obadiah ya ture kwanonsa, ya wanke hannu, ya ce lokacin ba kifi abinci ya yi. Christina ta rufe masa sauran tuwon ta ajiye.