Ƙuli Ai Ba Gyaɗa Ba Ne

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar Rano, ni da maiɗakina, za mu ƙauyen Fammar gaida Gwaggo, ƙanwar mahaifina da ta raine ni. Kuɗin mota ya sake tashi, direba ya ɗora wa fetur laifi kamar kullum. Ni dai idona yana kan gonaki. Ƙarshen damina ne, raɓa ta jiƙa dawa sharkaf, duwatsun Rano suna can kwance cikin gajimare kamar shanun da ba su tashi ba.

Ko ta ina ka duba gyaɗa ake cira, ni kuwa mun ɓata da ita. Ni da aka yaye da kunun gyaɗa, sai da furfura ta fito mini sannan jikina ya ce bai san zancen ba. Da na ci sai borin jini, leɓe ya kumbura, numfashi ya sarƙe. Likita ya ce ko ɗanɗane kada in ƙara. Wallahi abin yana yi mini ciwo.

A Rano maiɗakina ta tsare mai ƙosai da tambayar man da ta yi suya da shi, har baiwar Allah ta zaci hukuma ce ta turo ta. Daga nan muka bi ta Kibiya a kan babur, iska mai sanyi tana kaɗa mu, ina ta gyangyaɗi.

Da muka isa, Gwaggo ta ce saƙon lalurata ya iso mata, ko ƙwayar gyaɗa ba ta bari ta kusanci tukunya ba. Tuwon dawa ne da miyar kuka da man shanu, ga zakara ta gasa ta barbaɗe shi da yaji. Maiɗakina ta shiga gaida maƙwabta, ni kuma na nannaɗe hannun riga.

Ban cinye cinyar ba na ji maƙogwarona yana rufewa. Muryoyi suka yi nisa, rassan darbejiyar tsakar gida suna ta juyawa a hankali. Ta can nesa na ji maiɗakina tana tambayar abin da ke cikin yajin.

"Ƙuli ne kawai, 'yar nan," in ji Gwaggo. "Ai an matse shi, ƙuli ba gyaɗa ba ne."

A motar wani maƙwabci aka kai ni asibiti a Rano. Aka yi mini allura, aka sa ƙarin ruwa, numfashi ya dawo kaɗan-kaɗan. Wata nas ta ce yanzu manya irina sun fara yawa a wurinsu, har da wani makiyayi da nono ya juya wa baya. Abin da ke ba ta tsoro, wasu sai an gama yi musu turare da tofi sannan a kawo su.

Gwaggo tana zaune a bakin gadon, tafin hannunta kawai take kallo. Da aka sallame ni washegari, ta ɗebo ruwa a kofi, ta tsaya, ta dubi maiɗakina.

"Wannan fa, zai iya sha daga hannuna?"

Na karɓa na shanye tas, ban iya kallon fuskarta ba.

Mun dawo gida lafiya, alhamdu lillahi. Abin da tafiyar nan ta koya mini, mai irin lalurata kada ya ce gyaɗa ya yi shiru, ya lissafa ƙuli da mai da yaji ɗaya bayan ɗaya, ko da zai zama mai tsirfa. Ni dai jikina ya warware. Gwaggo ce har yau in mun yi waya ba ta tambayata ko na ci abinci.