Hasken da Mai Hoto Ya Saba da Shi

Ranar da aka kawo wa Mai Hoto sabuwar laftof, hadari ya haɗu tun da hantsi, ya yi baƙi ƙirin, amma ruwan ya ƙi sauka. Gari ya yi tsit, ko ganye ba ya motsi. Yana zaune a bakin shago, zufa ta jiƙa masa riga, yana kallon masu kaya a gefen titi suna rufe kayansu da leda, su buɗe, su sake rufewa. Ana cikin haka 'yarsa ta sauko daga mota rungume da kwali, ta gaishe shi, ta wuce ciki ta ajiye a kan teburin aiki, kusa da tsohuwar.

A layin nan ba wanda ya san shi da wani suna sai Mai Hoto. Tun yana saurayi ya koyi sana'ar, a zamanin da ake wanke hoto a ɗakin duhu, a tsoma takarda cikin faranti a tsaya jiran fuska ta fito sannu a hankali. A can ya koyi haƙuri. A can kuma wata magana ta zauna masa a rai, cewa abin da mai hoto yake gani lokacin aiki ba shi ne hoton ba. A jikin fim farar riga baƙa ce, baƙin gashi kuma fari. Sai an kai ga takarda kowa yake komawa kamanninsa.

Da zamani ya juya aka daina fim, abokan sana'arsa da yawa suka rufe shago. Shi bai rufe ba. Ya sayi laftof ta hannu, ya sa aka nuna masa abin da ya ishe shi: ya buɗe hoto, ya yanke gefe, ya ƙara haske ko ya rage, ya zuba a filas ɗin kwamfuta ya kai gidan wankin hoto su fitar masa a takarda. Bai nemi ƙari a kan haka ba, ita ma kwamfutar ba ta nemi ƙari a wurinsa ba. Suka zauna tare shekara da shekaru.

Tsufa ya kama ta kamar yadda yake kama mutum, gaɓa bayan gaɓa. Murfinta ya daina tsayuwa da kansa, sai ya jingina shi da gwangwanin fenti. Batirin ya mutu, in aka ɗauke wuta ko sallama ba ta yi. Fankar cikinta tana gurnani, don haka ya ɗora ta a kan murafen kwalba domin iska ta riƙa ratsawa ta ƙasa. Maƙwabcinsa mai gyaran waya da kwamfuta, mutum mai baki, shi ya sa mata suna Gwaggo. Kullum da safe in ya zo buɗe shagonsa sai ya leƙo ya tambayi yadda Gwaggo ta kwana, ko tarin ya lafa. Mai Hoto yakan ce da sauƙi, ba ya ko murmushi.

A fuskar Gwaggo kowa duhu ne. In mutum ya leƙa ya ga kansa, ya ce ai an ƙona shi, Mai Hoto yakan ce masa ya kwantar da hankalinsa, hoto a cikin kwamfuta ɗanye ne, sai ya hau takarda yake nuna. Kuma haka ɗin ne. Gobe in mutum ya dawo karɓa, sai ya tarar da fuskarsa tas, ba a yi masa fari ba, ba a ƙara masa baƙi ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Mai Hoto ya san iya duhun da zai bar fuska a kai ta fito daidai, kuma da wannan aka san shi.

'Yar tasa ma'aikaciyar asibiti ce, ba ta son jan magana. Ita da mijinta sun daɗe suna cewa ya huta, a ba da hayar shagon. A watan nan sau biyu Gwaggo tana suma, mai gyara yana farfaɗo da ita, ya kuma faɗa a gaban kowa cewa suma ta gaba ba ruwansa. Shi ya sa ta zo da kwalin. Ta tsaya har aka kunna sabuwar, haske ya cika teburin, sannan ta ce, "Baba, ga ta nan. In ta karɓe ka, ka ci gaba da aikinka, ba mai sake yi maka magana. In ba ta karɓe ka ba, don Allah ka ba ni makullin."

Ya gyaɗa kai. A wurinsa gyaɗa kai alkawari ne. Sai bayan tafiyarta ruwan ya sauko.

Aikin farko da ya faɗo wa sabuwar shi ne babban aikinsa na shekara. Akwai wata makaranta a bayan kasuwa da yake ɗaukar ɗalibanta masu fita, ɗaya bayan ɗaya, shugabar makarantar ta sa hotunan a firam a miƙa wa iyaye ranar taro. Wasu daga cikin iyayen ma shi ya ɗauke su suna yara, a gaban labule ɗaya. Ya je ya ɗauko yaran kamar kullum, ya dawo ya zauna gaban sabuwar kwamfuta.

Gaskiya tana da sauri. Kafin ya gyara zama ta buɗe. Ba gurnani, ba zafi. Abu ɗaya ne ya dame shi, fuskokin yaran sun yi fau, kamar an haska su da fitilar mota. Ya ce a ransa wannan in aka kai takarda haka, ai sai su fito kamar an shafa musu alli. Sai ya riƙa rage haske, yana ragewa, har kowace fuska ta kai duhun da ya sani. Ya bi su duka bai tsallake ko ɗaya ba. Ya zuba a filas ya kai gidan wanki. Su kuwa mutanen gidan wanki abin da aka ba injin shi yake fitarwa. Suka naɗe masa a takarda suka miƙo, shi ma bai buɗe ba, don ya daɗe da daina buɗewa.

A ofishin shugabar aka buɗe. Ta baza hotunan a kan tebur, ta ɗauki ɗaya ta kai kusa da taga, ta ɗauki wani. Ban da haƙora da farin wuyan riga ba abin da ake gani sosai. Ta cire tabarau ta dube shi.

"Baba, yarana ne waɗannan, ko inuwarsu ka ɗauko?"

Ya ɗauki ɗaya ya duba. Ba ta ɗaga murya ba, don tana ganin girmansa. Ta ce taro ya matso, in zai iya gyarawa kafin jajibirin ranar to, in ba zai iya ba ya faɗa mata da wuri ta kira samarin nan masu ɗauka da sababbin kaya. Ya tattara hotunan ya yi mata godiya ya fita.

A hanya bai zargi kwamfutar ba. Sabuwa ce fil, 'yarsa ta zaɓo ta. Bai zargi gidan wanki ba, tun fil azal da su yake aiki. Abin da ya rage shi ne idonsa. Ya tuna maigidansa na ɗakin duhu, wanda ya kai har yana yanke wa mutane kai a hoto bai sani ba, ana jin nauyin faɗa masa. Ya ce shi ba zai kai nan ba.

A gida matarsa ta lura ya ture kwano da sauran abinci. Ta tambaya, ya ce mata ido ne ya fara tafiya. Ta ce wane idon, shi da ya zura mata zare a allura yau da safe ba tare da ya matsa bakin ƙofa ba? Ya ce zare daban, fuska daban. Ta ce to, ita dai ba ta yi karatun asibiti ba. Duk da haka ya zare makullin shagon daga cikin sauran makullai ya sa a aljihun gaba, inda zai yi saurin cirowa.

Washegari ya kira mai gyara, ya ce ya kwashe tsofaffin hotunan mutane daga cikin Gwaggo ya zuba a sabuwar, don ko bayan an rufe shago wani zai iya zuwa neman hoton mahaifinsa. Mai gyara ya jera su biyun a kan tebur, yana tsokanar Gwaggo wai ta yi wasiyya tun da sauran numfashi. Da aka gama kwashewa, don ya tabbatar komai ya shiga, sai ya buɗe hoto ɗaya a nan ya buɗe shi a can. Hoton matar Mai Hoto ne, wanda babbansa ke rataye a bangon shagon.

Mai gyara ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya ɗaga kai ya dubi na bango. A sabuwar kwamfuta matar tana nan kamar yadda take a bango, ba bambanci. A fuskar Gwaggo kuwa kamar tana zaune a ɗaki an rufe taga.

"Dattijo, zo ka ga abin mamaki," in ji shi. "Idonka ƙalau yake. Fitilar Gwaggo ce ta daɗe da mutuwa, a hankali take dushewa kana bin ta. Ƙarya take yi maka tun tuni, kai kuma ka iya harshenta. Wannan baƙuwar gaskiya take faɗa, shi ya sa ba ku jitu ba."

Mai Hoto ya tsaya a kansu ya daɗe. Ashe hoto ba ɗanye ba ne a cikin kwamfuta. Nata ne kawai ɗanye. Duhun da ya ɗauka ka'idar sana'a ce, tsufan na'ura ɗaya ne. Bai ji haushin Gwaggo ba. Wanda ake tare da shi kullum ba a ganin ramarsa.

Mai gyara ya ce hanya biyu ce. Ko a mai da aikin makarantar cikin Gwaggo a yi ta addu'a kada ta suma a tsakiya, ko kuma dattijo ya koya wa idonsa sabon karatu, abin da ya gani shi zai fito. Mai Hoto ya gwada ta biyun a take. Ya buɗe hoton wata yarinya ya bar shi da haskensa, amma hannunsa ya ƙi. Duk sanda ya kau da kai ya dawo sai ya tarar yatsansa ya rage kaɗan. Sabo turken wawa, ya faɗa a ransa, kuma kwanakin da suka rage ba su isa a cire turke ba.

Can ya ce, "Ita wannan ɗin, ba a iya rage mata fitila?"

Mai gyara ya yi dariya har ya dafa tebur. Ya ce shi tun da yake sana'a mutane kan kawo masa tsohuwa ya mai da ita sabuwa, yau ne aka fara kawo masa sabuwa ya tsufar da ita. Amma ya ja kujera. Suka bar hoton matar a buɗe a duka biyun, mai gyara yana taɓawa, Mai Hoto yana cewa rage, ƙara kaɗan, a'a ka wuce. Rage haske kaɗai bai isa ba, don Gwaggo tana da wani ja-ja a fuskarta, sai da aka nemo shi ma aka sa. La'asar ta yi kafin Mai Hoto ya dubi dama ya dubi hagu ya kasa rabe su. Ya ce a bar ta nan.

Wannan karon hoto ɗaya ya fara kaiwa gidan wanki, ya tsaya aka fitar, ya buɗe a gabansu. Yarinyar ta fito da kamanninta, har ɗan tabon da ke goshinta. Sannan ya koma ya bi sauran. Ya kai wa shugabar kafin lokacin da ta yanka. Ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta ce baɗi ma nasa ne, amma ya riƙa kawo mata guda ta gani kafin a wanke sauran. Ya ce ta yi gaskiya.

Da 'yarsa ta zo ta ga abin da aka yi wa kwamfutar, ta ce ita da ta zagaye shaguna tana neman wadda ta fi kowace haske, ashe duhu ya kamata ta sayo. Ta kai hannu za ta gyara, mai gyara ya leƙo daga ƙofa ya ce, "Anti, kada ki taɓa. Jikar Gwaggo ce, gado ta ci." Ta dubi mahaifinta, ta dubi hotunan da ke kan tebur, ta janye hannunta. Ba ta tambayi makulli ba, shi ma bai ciro ba. Da yamma ya mai da shi cikin 'yan'uwansa.

Mai gyara ya so a ba shi Gwaggo ya ciri abin da zai ciru a jikinta. Mai Hoto ya hana, ya ce in wata rana sabuwar ta rikice ta koma haskenta, da wa za a gwada?

Yanzu yana nan a shagonsa, yana buɗewa da safe ya rufe kafin magariba, yana aiki da sabuwar a dushe. Gwaggo tana kan kanta a bayansa, an lulluɓe ta da tsohon labule, cajarta a naɗe a gefe.