Neman Fofo a Malanbil

Kiran sallar asuba na maƙwabta ne ya tashe mu, ni da ƙanena. Muka durƙusa a bakin gadon Mama, muka roƙi Ubangiji Yesu ya kai mu lafiya, sannan muka kama hanya daga Zuru.

Ga abin da ya fitar da mu. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Mama, magana ta ƙwace mata, sai kalma ɗaya da take ta maimaitawa: "Fofo." A Malanbil, can tsallaken iyaka, ta yi ƙuruciyarta, lokacin da kakanmu yake fataucin kifi, don haka muka yanke cewa Fofo wata ƙawarta ce ko 'yar'uwa da take son gani kafin ta cika. Jikin kuwa kullum baya yake yi. Tsoro ya cika ni kada ta tafi ban biya mata wannan buƙata ba.

Hanyar Bagudo zuwa Lolo ta jijjiga mu har ƙanena ya ce hanjinsa ya sauya wuri. Daga iyaka muka hau kabu-kabu. Jandarma ya duba takardunmu, ya yi mana Faransanci, muka yi masa murmushi, kowa ya gamsu. A wajen Garu na ga shinkafa kore shar iya ganina, ga mata suna shanya albasa, ga wani da ya ɗaure kifin da ya kusa kai tsawon kekensa. Sai tambayoyi nake jera wa mai babur har ya gaji da ni.

Kasuwar Malanbil kuwa, warin albasa ne ya fara yi mana maraba. Kuɗinsu sefa ne, kuma da dala ake faɗar farashi, sefa biyar dala ɗaya, na ƙyale ƙanena da wannan ciwon kai, ni na zauna na ci shinkafa da soyayyen kifi mai yaji har na yi gumi. Ina cikin ci sai na ji wata ta ce da mai abincin, "Fofo!" Na ajiye cokali na ce mun same ta. Kafin in buɗe baki wani ɗan dako ya ce da wani tsoho, "Fofo!" Can ma Fofo, nan ma Fofo. Na ce ikon Allah, wannan gari kowa sunansa ɗaya?

Wani dattijo mai sayar da albasa, carbi a hannu, ya lura da mu.

"Ɗiyata, mi kuke biɗa?"

"Baba, wata mata muke nema, Fofo sunanta."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Da na ba shi labarin Mama sai ya daina, ya jawo mini benci.

"Yaushe taka faɗinta?"

Na ce in na yi mata wanka, in na ba ta kunu, da kuma bayan addu'a.

"To ɗiyata, wagga ba mutum ba ce. Dandanci na, harshen mutanen garin ga. Gaisuwa ta, kuma godiya ta. Uwarki ba ta biɗar kowa. Gode miki takai."

Na zauna a tsakiyar buhunan albasa na yi kuka, kuma ba albasar ce ta sa ni ba. Duk watannin nan ina jin zafi a raina cewa na gaza mata, ashe ita sannu take yi mini. Dattijon ya cika mana leda da albasa, ya ƙi karɓar komai, ya ce a gaida mai jiki, shi ma zai sa ta a addu'a.

A hanyar dawowa na yi ta tunani. Ni addu'ata kusan duk roƙo ce, a ba ni, a yi mini. Ga matar da ciwo ya ƙwace wa kowace kalma, wadda ta rage mata ita ce godiya, kuma da ita take amsa wa Ubangiji. Na koyi cewa wanka da kofin kunu ma abin farin ciki ne.

Da muka iso gida na dama kunu na kai mata. Ta sha kaɗan, ta dube ni ta ce, "Fofo."

Na riƙe hannunta mai lafiyar na ce, "Fofo, Mama."

Rabin bakinta ya yi murmushi, ta matse mini yatsu, ta miƙo baki a ƙara mata kunu.