Takanɗar Bayan Ɗaki

A ƙauyenmu na gefen Roni, zamanin da dagaci ke zaga gonaki a kan doki, hira takan fara ne bayan sallar isha. Iya, mahaifiyar babanmu, takan hura wuta da karan dawa, ta zube mana gyaɗa mu ɓare. Ni take zaunarwa kusa da ita.

"Matso, maigidana," takan ce. "Miji har miji, amma ko fartanya ba ya iya ɗagawa."

Tatsuniyar da ta fi yi mana ita ce ta Takanɗa. Wai Takanɗa ta tsiro a wata gona, ta yi zaƙin da yara ke rububinta. Sai ta rantse ba ta barin wurin, don nan uwarta ta tsaya. Ashe zaƙin a kara yake, ɗacin kuwa ta saiwa take zubar da shi cikin ƙasa. Da shekara ta zagayo, 'ya'yanta suka tsiro a kan ɗacin, suka sha. Jikokinta suka fito sirara, ganye duk ya yi ruwan ɗorawa. Ta zargi ruwa, ta zargi tsutsa. Wake ya ce mata, "Ara mini wurin damina ɗaya, ki koma can gabas."

"Iya, ta yarda?" na tambaya.

"Ban sani ba, maigida. Na baro ta tana shawara."

Iya ta daɗe da rasuwa. Mai ɗakina Hadiza ma Allah Ya karɓi abarsa. Ta bar mini takanɗar da take shuka wa yara a bayan ɗakinta. Kowace damina nakan zuba irin daidai inda ta saba, ban yarda kowa ya taɓa wurin ba. Na sa taki, na yi noma, kara sai ƙara sirancewa yake. Bara irin da na samu bai cika tafin hannu ba. Na ga in na sake, irin Hadiza zai ƙare a hannuna.

Bana wake na shuka a bayan ɗakin. Irin takanɗar na kai gabashin gida, kusa da rumbu.

Jiya autarmu ta karyo kara a kusa da rumbun, ta tauna. Can ta miƙo mini.

"Baba, ɗanɗana. Na Inna ne."

Na ɗanɗana, zaƙin takanɗar Hadiza ne sak. Sai yanzu na gane dalilin da ya sa Iya ba ta taɓa ƙarasa tatsuniyar ba. Ni ta bar wa shawarar.