Na Tudu da Na Ruwa

Shekara tara ke nan da muka raka Sali Makaniki makwancinsa, amma har yau in na ji ƙarfe ya karye a kasuwa sai na ɗaga kai, ina zaton shi ne ya zo yi mini ɓarna. Ni Alhaji Hamadu kayan aiki nake sayarwa a Garwa: sifana, filaya, guduma, zarto, duk abin da makaniki ko kafinta ke riƙewa a hannu. Shi kuwa Sali injin jirgin ruwa yake gyara wa masuntan tafkin Lagdo. Abokina ne tun muna samari, kuma wallahi ban taɓa samun mai saye da ya ƙona mini rai kamarsa ba. Bana ina da dalilin tuna shi da ya wuce na kowace shekara. Dalilin shi ne wani masunci, Malam Garba, wanda ya shekara uku bai taka ƙofar shagona ba, kuma laifin nawa ne.

Kayana masu araha ne, ba na ɓoyewa. Mai gyaran babur a gindin darbejiya ba zai iya sayen sifanar Turai ba, kuma dole ya ci abinci. Sali bai taɓa raina araha ba, shi ma ita yake saye. Abin da yake yi ne ya bambanta. In sifana ɗaya yake so, biyu zai ɗauka. A ƙofar garejinsa akwai wani guntun ƙarfe mai nauyi da ya ciro daga tsohuwar tirela, ya yi wa notuna walda a kai, manya da ƙanana, yadda babu mai iya juya su. Sai ya sa ɗaya daga cikin sifanun a kan noti, ya zura mata dogon bututu, ya tofa yawu a tafi, ya rataya da dukkan nauyinsa har sai ta ba da kai. Da gangan, jama'a! Sabuwa fil, da kuɗinsa.

Wata tana ɓallewa nan take kamar rake, in ka duba cikinta sai ka ga tsakuwa-tsakuwa da ƴan ramuka. Wata bakinta ne ke buɗewa, ta zame. Wata kuma sai ta yi ta gardama, ta lanƙwasa a hankali, ta ƙi rabuwa biyu. Ya taɓa ce mini shi ba wadda ba ta karyewa yake nema ba, don babu ita. So yake ya san yadda take karyewa, da gargaɗi ko babu gargaɗi.

Daga nan ya raba kayan duniya gida biyu: na tudu da na ruwa. Na tudu shi ne wanda in ya ci amanarka za ka yi tsaki, ka taka da ƙafa ka sayo wani. Na ruwa shi ne wanda masunci zai shiga tsakiyar Lagdo da shi, inda babu shago, babu maƙwabci. Mafi muhimmanci a cikinsu shi ne kilen buji, wato ƴar sifanar da ake kwance fulogin inji da ita. Fulogi ya kan sha mai ya toshe, injin ya mutu, sai an kwance an goge. Duk masuncin da Sali ya ba kilen buji, tare da lanƙwasasshen ɗan'uwansa yake ba shi, ya gani da idonsa abin da ƙarfen zai iya ɗauka.

Da a garejinsa abin ke tsayawa, da ban damu ba. Ina! Sai ya kwaso gutsattsarin a aljihu, ya jira shago ya cika, ya zube mini su a kan tebur. "Soobaajo," zai ce, wato aboki, da Fulatancin da yake tsokanata da shi, "wannan kwalin naka na tudu ne. Kada ka sayar wa mai jirgi." Masu saye su yi ta leƙe, ni kuwa ina zufa ina murmushin dole. Na taɓa korarsa, na ce ya je ya karya kayan wani. Bayan kwana biyu ya dawo da wata baƙar sifana mara ƙyalli, mafi araha a shagon, wadda na tura ƙasan kanta don kunya. Ya ɗaga ta sama kamar mai gwanjo ya ce wannan ta fi duk masu walƙiyar da na jera a gaba. Kafin Juma'a babu ko ɗaya da ta rage. Ban gode masa ba, kuma bai jira godiyar ba.

Ciwon kwana uku ya ɗauke shi. Na yi kuka kamar mace a gaban mutane, ban ji kunya ba. Amma tunda na zauna rubuta wannan, bari in faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: bayan sadakar arba'in, can wani lungu na zuciyata ya ce to, yanzu dai kayanka sun huta.

Sau da yawa ina zaune a shago ina tunanin abin da Sali zai yi da kasuwar yau. Kaya yanzu a cikin roba suke zuwa, a liƙe, ba ka taɓa ƙarfen sai ka saya. Sifana iri ɗaya za ta zo da suna huɗu daban-daban, kowane da tutar wata ƙasa a jiki. Da can nauyi a hannu yana gaya maka wani abu, yanzu sun koyi yi wa banza nauyi. Ƙyalli kuwa kowa ya samu. Sannan ga injin huda mai batir, wanda kafintoci ke rububi. Wannan a kan wane noti zai rataya shi? Ina jin buɗe shi zai yi, ya zazzage cikinsa a kan tabarma, ya ga ko haƙoran da ke juyawa na ƙarfe ne ko na roba. Wani lokaci kuma ina ganin samari suna kallon bidiyo a waya, wani mutum a wata ƙasa yana matse sifanu da inji har su fashe, yana auna ƙarfin kowace. Ashe haukan Sali sana'a ce a wani wuri! Da zai so abin, na tabbata, zai kalla har batir ya mutu. Amma na san tambayar da zai yi a ƙarshe: wadda mutumin ya fasa, daga kwalin Hamadu ta fito? Gaskiya kuma, wasu masu arahar yanzu sun fi na zamaninsa kyau nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce mai kyau da mara kyau riga ɗaya suke sawa.

Shekara shida bayan rasuwarsa Malam Garba ya shigo shagona. Dattijo ne mai ƙarancin magana, ya girme ni, tsohon mai kawo wa Sali inji. Kilen bujin da Sali ya ba shi ne ya faɗa ruwa, yana neman wani. Na ɗauko masa sabo a cikin roba, mai ƙyalli kamar cokalin amarya. Ya juya shi, ya sake juyawa, sannan ya ce, "Alhaji, ina ɗan'uwansa?"

Na gane abin da yake nufi sarai. Sai na yi dariya na ce ai wannan zamanin ya wuce, kayan yanzu da inji ake gwada su tun daga can.

"Na ruwa ne?"

Na ce na ruwa ne. Ban sani ba. Ban taɓa fitar da ko ɗaya daga robarsa ba. Na faɗa ne kawai don bakina ya saba.

Da damina ta kankama labari ya iso ni. Injinsa ya mutu a tsakiyar ruwa da la'asar, jirgi cike da kifi, hadari ya taso. Ya sa kilen a kan fulogi, juyi ɗaya ya tsage gida biyu a hannunsa. Iska ta ɗauke su shi da ƙanensa, suka zubar da kifin da kalli, wato ragar tasu, don jirgin ya yi sauƙi. Sai washegari aka same su a wata gaɓa mai nisa, da rai dai, alhamdu lillahi. Bai zo ya yi mini faɗa ba. Da ya zo ya zage ni a gaban kasuwa da na fi samun sauƙi. Ƙaurace mini ya yi. In mun haɗu wajen jana'iza ya ba ni yatsu biyu ya wuce. Sauran masuntan ma sannu a hankali suka daina leƙo ni. Ba cinikin ne ya fi ci mini rai ba. A ce mutum ya tambaye ka magana ɗaya, ransa a kanta, ka ba shi ta banza.

Shekara uku ina ba kaina uzuri. Ni na ƙera? Ni na ce hadari ya taso? Amma da watan rasuwar Sali ya kama bana, sai na tsinci kaina a ƙofar tsohon garejinsa, wanda yanzu wurin wankin babura ne. Ƙarfen yana nan a gefe, rabinsa a cikin ƙasa, ana ɗaure akuya a jiki. Na roƙa aka ba ni, aka kawo shi a amalanke, aka ajiye a ƙofar shagona. Maƙwabta suka fito kallo.

Kilen buji iri biyar nake da su. Na farke robar kowane, na zura bututu, na yi bisimilla, na rataya. Ni da tumbina da furfurata! Mai ƙyallin nan, irin wanda na ba Malam Garba, ko nauyina ban gama sakewa ba ya tsage, na zauna daɓas a ƙasa, kasuwa ta kwashe da dariya. Ni ban yi dariya ba. Na ɗauki gutsuren na duba cikinsa, sai na ga abin da na tura mutum tsakiyar ruwa da shi. Na biyu da na uku bakinsu ya zame. Na huɗu, mafi tsada, ya ɗan jure sannan ya ɓalle ba sallama. Na biyar wani mummuna ne mai launin toka, ko suna babu a jikinsa. Na ja, na sake ja, kafaɗata ta amsa, ya murɗe kamar igiya amma ya ƙi sakin notin. Na tsaya ina haki ina kallonsa, na ji kamar in juya in ce, Sali, ka gani?

Ranar Lahadi na shiga motar Lagdo da guda biyu a aljihu, lafiyayye da murɗaɗɗe. Na sami Malam Garba a bakin ruwa da hantsi, kusa da inda mata ke banda kifi, yana ɗinkin raga. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Na durƙusa na ajiye su a gabansa, na ce, "Malam, ga shi, ga ɗan'uwansa. Wancan karon ƙarya na yi maka. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana juya murɗaɗɗen. Sannan ya tashi ya buɗe akwatin jirginsa, ya warware wani tsumma. Lanƙwasasshen da Sali ya ba shi ne, ya yi tsatsa, yana ajiye da shi duk shekarun nan. Ya jera su biyun a tafinsa.

"Kai ka ja, ko sa wani ka yi?"

Na nuna masa kantar da ta fashe a hannuna.

"Na ruwa ne?"

"Na ruwa ne."

"To shiga."

Ni ban iya iyo ba. A Garwa aka haife ni, amma ko a gadar kogin Binuwai tsakiyar hanya nake bi. Na dubi ruwan, na dubi dattijon, na tattare babbar rigata na shiga. Muka yi ta tafiya har duwatsun bakin gaɓa suka koma ƙanana, hayaƙin bandar ya ɓace. Sai ya kashe inji. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Ya miƙo mini kilen, ya nuna fulogi da haɓa. Gumi na zuba, jirgi na rawa, na sa, na murɗa. Ya kama. Na kwance, na goge da bakin rigata, na mayar, na ɗaure. Ya ja igiya sau biyu injin ya tashi. Sai da muka kusa gaɓa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Shi Sali ba ya jira a ce masa ya shiga."

Wannan ban sani ba. Shekara talatin muna tare, ina ganin bututu da noti su ne duk gwajinsa, ashe duk kilen da ya kira na ruwa sai ya bi shi cikin jirgi ranar farko. Bai taɓa faɗa mini ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba.

Sali bai bar gida mai bene ba, garejinsa ma ya zama na wasu. Abin da ya rage nasa guntun ƙarfe ne a ƙofar shagona, da kwandon gutsattsari da ke ƙara cika duk sanda sabon kwali ya iso, da kalmomi biyu da na rubuta da fenti a kan kantocina, na tudu a hagu, na ruwa a dama. Ɓangaren dama bai da yawa. Baƙi kan tambaya wane ne ke yi mini ɓarnar kaya haka, in ce wani abokina ne. Makon jiya Malam Garba ya shigo, ya ba ni hannu duka biyar, ya zauna a bencin da Sali ke zama, ya ce a ba shi filaya. Na ɗauko biyu.

Allah ya kai haske kabarinka, soobaajo, ya yafe maka. Ni dai na yafe maka kayana.